A bar kwamfuta ta sabunta kanta, ko a riƙa yi da hannu?

Alhaji, ka ce kwamfutoci biyar ne a shagonka na buga takardu a unguwar Aboabo, nan Kumasi, kana tambaya ko ka bar Windows ta riƙa sabunta kanta ko ka kashe, ka yi da hannu in ka samu sarari. Kowanne yana cizo, amma ba wuri ɗaya ba.

Mai kashewa, abin da ya sa a gaba shi ne "sai na samu lokaci", lokacin kuwa ba ya zuwa. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka koma sallamar marasa lafiya. Abin haushin, Microsoft ta fitar da toshin wannan ƙofa tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba. Kai kuma filas ɗin jama'a ke shiga injinanka daga safe har isha'i, kowa da ƙwayar cutar da ya kwaso.

Mai barin ta yi da kanta, shi kuma mai gadinsa ne kan iya kwantar da shi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya da shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna suka rikice. Ba ɓarawo ko ɗaya a ciki. Duk sun sha maganin lokaci guda ne, babu wanda ya ɗanɗana tukuna.

Mu nan Kumasi muna da ƙarin namu. Na taɓa ganin wata kwamfuta da dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kama tana tsakiyar sabunta BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta. Da wuta ta dawo, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai da aka kai ta wurin mai gyara. Ga cin data, ga kuma ta ce za ta sake kunnuwa alhali amarya na tsaye tana jiran katin bikinta.

Da laftop ɗaya ce ta gida, zan ce bar ta ta yi abinta. Shago kuwa, raba ƙafa. Microsoft na sakin gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Bar kwamfuta ɗaya, wadda aikinta bai da yawa, ta karɓa nan take. Sauran huɗun ka dakatar da su mako guda. Windows na yarda da dakatarwa har mako biyar, amma kada ka kai can. In ta farkon ta kwana bakwai firinta na amsa mata, sai ka saki sauran bayan an rufe shago. BIOS kam da hannu, kuma sai da UPS a haɗe, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke.

Ka duba ma ko akwai mai Windows 10 a cikinsu. Tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum.