Pillow da hotunan BMP: abin da na gani bayan wata uku

Shagona na buga takardu yana kusa da Tashar Dukku a Gombe. Wata makaranta ta kawo min hotunan fasfo na ɗalibai sama da 600 a filash, dukansu BMP (wani tsarin ajiye hoto mai cin wuri), domin tsohuwar sikanarsu abin da aka saita mata ke nan. Ana so a mayar da su JPEG, kowane ya sauka ƙasa da KB 50.

Da yake ina ɗan taɓa Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, sai na ce bari in karanta fayil ɗin da kaina, ai BMP ba shi da wani ɓoye-ɓoye. Yana farawa da bayanin kai na bayit 14 mai haruffa biyu, BM, a farkonsa, sai wani na bayit 40, daga nan launuka su biyo. Na rubuta shirin, na kunna. Yarinyar farko ta fito kai a ƙasa, fuskarta shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, hoton kuma ya karkace. Yaron shagona ya leƙo ya ce, "Oga, wannan aljana ce ko ɗaliba?"

Kwana biyu na yi kafin in gano dalili. BMP yakan jera layukansa daga ƙasa zuwa sama, kuma shuɗi yake fara ajiyewa, sai kore, sai ja. Karkacewar ita ta fi ba ni wahala. Dole tsawon kowane layi ya rabu da 4 ba saura. Faɗin hotunan ɗigo 413 ne, kowane ɗigo bayit uku, ya zama bayit 1239, sai a yi masa cikon ɗaya ya koma 1240. Bayit ɗayan nan da ban tsallake ba shi ya riƙa tura kowane layi gefe.

Nan na haƙura na sauke Pillow, kayan aikin Python na sarrafa hotuna. Layi uku kacal: Image.open ya buɗe, resize ya daidaita girma, save ya ajiye da sunan da ya ƙare da jpg. Juyi, launi, ciko, duk ya ji da su ban sa hannu ba. Har waɗansu hotuna masu launi 256 da suka shigo cikin tarin ya karanta, sai dai na mayar da su RGB (ja, kore, shuɗi) da convert kafin JPEG ya karɓa. Hoton da ke cin kusan KB 650 ya dawo ƙasa da abin da aka nema, duka aikin kuma ya ƙare kafin janareta ya gama ɗumi. Kyauta ne, data kaɗan ya ci.

Wuri biyu na yi tuntuɓe. Sunan da ake saukewa da shi pillow, amma a cikin shiri PIL ake kira, don reshe ne na tsohon PIL da Fredrik Lundh ya rubuta, an ɓalle shi a 2010. Na biyu, Image.open bayanin kai kawai yake dubawa, ya bar fayil a buɗe sai an buƙaci hoton. Na buɗe don duba girma, na zo matsar da marasa kyau wata jaka, Windows ya ƙi, wai ana amfani da fayil ɗin. Da na sa buɗewar cikin with, umarnin Python da ke rufe fayil da an gama da shi, magana ta ƙare.

Hoton aljanar dai yaron ya hana ni gogewa, yana nan a wayarsa.