Shekara biyu da Corolla a hannuna a Garwa

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan babur kafin Allah ya hore mini abin sayen mota. Shagon atamfa da shadda gare ni a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, kuma iyali ne suka sa na nemi ƙafa huɗu: yara uku, ga Inna da ake kaiwa asibiti duk wata, ga ranar Afrilu da ke haye digiri 40 kamar da gayya. A farkon 2023 na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006, inji 1.6, giyar hannu, mai shan fetur. Masu tambayata a shago ko ta yi sun yi yawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gaskiya ba ita raina ya so ba. Wata baƙar motar Jamus na ƙyalla ido a kai, mai kujerun fata, kuma kuɗinta bai kai na Corolla ba, abin da ya kamata ya sa in tsargu. Na kai Kawu ya gani, shi da ya tsufa yana jan tirela tsakanin Ngaundare da Njamena. Sau ɗaya ya zagaye ta, ya ce, "Ɗana, ranar da ta mace maka a Figil, wa zai buɗe ta? Je ka garejin unguwarku ka duba wacce ake kawowa da safe a tafi da ita kafin la'asar. Irin ta za ka saya."

Na je na duba. Manyan motocin nan suna gefe, ƙura ta lulluɓe su, tayoyi sun sace, ana jiran kaya daga Duwala ko Kano. Ƙananan Toyota kuwa yaran gareji ma sun haddace su, kayansu na nan a shaguna, sabo da na Beljiyam da wanda ke shigowa ta Yola da Mubi. Nan na sauko.

Duwala na je da kaina, mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan bas. Na ɗauki bakanikena na biya masa kuɗin hanya da na abinci, kuma a duk hidimar nan babu kuɗin da ya fi wannan albarka. Mota biyu ya hana ni. Ta farko tana sheƙi, amma da ya ɗaga shimfiɗar but sai ga tabon walda, ta taɓa cin karo ta baya. Ta biyu ya buɗe murfin baƙin mai ya ga wani farin kumfa kamar kindirmo, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ta ukun ita ce tawa. Agogonta na nuna kilomita dubu 140, dillali har da rantsuwa, bakanike ya shafa sitiyarin da ya sule da robar kuloci da ta cinye, ya ce mini a kunne, "Maigida, agogon nan an yi masa aski, amma injin lafiya lau." Muka daidaita a miliyan 3 da dubu 600 na sefa.

Inda na yi wauta shi ne ragowar kuɗi. Dubu 300 na ajiye, ina ganin ya isa har da canji. Ga kartagiriz (takardar rajistar mota), ga inshora (tun 2017 kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, shi ma wurin masu inshora ake biyansa), ga bizit (gwajin lafiyar mota), ga batir, ga juyen mai da filta gaba ɗaya. Sai tayoyi. Tayoyin sanyin Turai ne a jikinta, zanensu bai cinye ba, amma bakanike ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sun haura shekara takwas. Tsohuwar roba a kan kwaltar Garwa da tsakar rana, ba da ni ba. Kafin in gama, abin ya ninka lissafina, sai da na karɓi kwasar adashi kafin lokacina.

Takardun duwan kuwa, wato na kwastan, na zauna na bi lambar shasi harafi bayan harafi, goma sha bakwai cif, na gwada da ta takarda. Wani maƙwabcina a kasuwa ya samo tasa da araha daga tsallaken iyaka ba cikakkun takardu. Tana nan a ƙofar gidansa an lulluɓe ta da tamfol, ba ya iya wuce shingen jandarma da ita.

A hanya ba ta ba ni kunya ba. Ranar da muka taho, a gangaren nan na bayan Ngaundare da manyan motoci ke tsoro, bakanike ya sa ni na sauko da giya ta biyu, ya hana ni kwanciya a kan birki. Wannan kaɗai ya sa na gode da giyar hannu. Daga Garwa zuwa Marwa, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, kusan lita bakwai take sha mini a kowane kilomita ɗari. Cikin gari da sanyi a kunne takan kai tara zuwa goma. Tankinta lita 55 ne. Lokacin da na saye ta lita tana 730 a gidan mai, a Fabrairun 2024 ta koma 840, wato cika tanki daga ƙasa dubu 46 da ɗari biyu ke nan. Wanda zai sayi motar farko ya fara buga wannan lissafin kafin ya kalli launin fenti.

Kamar kowa a Garwa, da zuwa-zuwa na fara, man kwalba na bakin titi. A babur bai taɓa damuna ba. Mota kuwa wata biyar ta yi fanfon mai ya mutu, da aka sauke tanki sai ga laka da ruwa a ƙasansa. Laifina ne. Dama tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 arahar ta ragu, sai na koma gidan mai, in kuma dole ta kama a ƙauye, ina da mazurari da ƙyalle a but.

Injin nan sarƙa gare shi a ciki maimakon bel, don haka babu fargabar tsinkewar bel ɗin taimin a daji, amma sarƙa tana son mai mai tsabta. Duk kilomita dubu biyar nake juye, filtar iska kuma lokacin hunturu duk sati biyu ake kaɗe ta saboda ƙura.

Inda take ba ni wahala shi ne ƙasa. Mota ce da aka yi don kwalta, mu kuma layukan unguwarmu da damina sai addu'a. Salansa ta sha gurzar dutse, shokozoba na baya sau ɗaya na canza, na gaba ma sun fara ƙara. In aka loda mutum biyar da buhun masara, ko tudun rage gudu sai an bi shi a karkace. Wanda harkarsa ta ƙauyuka ce kullum, ya nemi mai tsayi in aljihu zai ɗauka. Na'urar sanyinta ma sai da aka canza bututu aka ƙara gas. Wasu 'yan Beljiyam ɗin babu ita sam, kuma mai saye ya gwada ta da azahar, kada a ruɗe shi da sanyin safiya.

Ado kam babu. A wurin ɗaurin aure ba wanda ke waiwayenta, yaran unguwa ma ba sa leƙa gilashinta. Amma watan jiya wani Alhaji ya taya ta miliyan 3 da dubu 200, bayan shekara biyu ina morarta, na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Uwargida ce ma ke koyon tuƙi da ita yanzu a filin bayan gari, tana ta mita a kan kuloci.

Babur ɗin ban rabu da shi ba. Shi nake hawa zuwa shago, don wurin ajiye mota a bakin kasuwa rigima ne. Corolla ta masallacin Juma'a ce, da asibitin Inna, da kasuwar Pitowa ranar Lahadi, sai in an yi rasuwa ko biki a Marwa mu cika ta mu kama hanya bayan sallar asuba.