Trust Wallet a hannun ɗan kasuwa: lalita mai kyau, amma ba mai gadi

Kuɗinka ba a cikin waya suke ba. Suna rubuce ne a bulokcen, wato littafin ciniki da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi ɗaure da wanda ya gabace shi, shi ya sa abin da ya shiga ba ya goguwa. Trust Wallet, manhajar lalitar kuɗin kirifto wadda ta fito a 2017 kuma kasuwar kirifto ta Binance ta saye ta a 2018, makulli kawai take riƙe maka.

Buɗe ta ba wuya, ba ruwanta da BVN. Za ta ba ka kalmomi 12. Rubuta su a takarda bisa jerinsu, kada ka ɗauki hotonsu. In waya ta ɓace, su ne za su dawo da komai. In wani ya gan su, ya yashe ka, kuma kamfanin ba shi da abin da zai yi maka.

Inda masu karɓar USDT, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, suka fi tuntuɓe shi ne layi, wato bulokcen ɗin da kuɗin zai bi, kamar Tron, Ethereum ko BNB. USDT ɗin Tron adireshinsa da T yake farawa, na Ethereum da na BNB kuwa duka da 0x, a nan ruɗanin yake. Ku tsayar da layi ɗaya kai da abokin cinikinka, ka fara tura dala 5 ta gwaji. Kuɗin turawa ma galibi ba da USDT ake cira ba, kowane layi da nasa kuɗin: Tron na son TRX, Ethereum na son ETH. Sai ka ga mutum da dala 2,000 a lalita ya kasa motsa ko ɗaya don ba shi da TRX. Manhajar ba ta wayar da sabon shiga kan wannan tun da wuri, kuma aibi ne.

Sauri kam akwai shi, Tron na rufe shafi duk daƙiƙa 3. Amma kada ka saki kaya don an nuna maka hoton tura kuɗi. Karɓi lambar cinikin ka duba a Tronscan, shafin intanet da ke nuna cinikin Tron, ka tabbatar USDT ɗin na Tether ne, kamfanin da ke fitar da shi, domin kowa na iya ƙirƙirar jabu mai suna iri ɗaya. Kada kuma ka kwafi adireshi daga tarihin ciniki: 'yan damfara kan turo ɗan ƙwarya-ƙwaryan kuɗi daga adireshi mai kama da na abokinka a farko da ƙarshe.

Don cinikin yau da kullum ta wadatar. Jarin shago gaba ɗaya kuwa, na'urar ajiya irin Ledger ta fi dacewa da shi.