Katun ɗinka na farko: wace manhaja, wane allon zane, me za ka bari sai gaba

Ɗalibin da ya ƙudurta yin katun ɗinsa na farko yakan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. Amsar ba ta fitowa sai an san abu biyu tukuna: hannunka ya iya zane ko bai iya ba, sannan wace na'ura ce a gabanka yau, ba wadda kake burin saya baɗi ba. Su ne za su nuna maka hanya, domin hanyoyin sa ɗan katun ya motsa uku ne, kowace da kayan aikinta da irin wahalarta.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu sukan bar zane ɗaya ya tsaya tsawon hoto biyu, wato zane 12 a sakan guda. Sakan 10 zane 120 ke nan, minti ɗaya kuwa 720. Wanda ya shirya labarin minti 5 a aikinsa na farko ya ɗebo da zafi, kuma babu manhajar da za ta fid da shi, ko ta kuɗi ce ko ta kyauta. Sakan 10 zuwa 15 ya isa: ɗan katun ya shigo, ya ga wani abu, ya razana ko ya yi dariya, ya fita. Da wannan ma'aunin za mu auna duk abin da ke tafe.

Idan ka iya zane

Hanya mafi tsufa ita ce a zana kowane motsi da hannu, zane bayan zane. A nan abin da ake nema a manhaja bai da yawa: layin lokaci, wato wurin da zane-zane ke jere bi da bi, mai sauƙin karantawa, alƙalamin da ba ya jinkiri, da damar ganin inuwar zanen baya a ƙarƙashin wanda kake yi yanzu, don ka san iya nisan da hannu ko ƙafa ta matsa.

Pencil2D kyauta ce, ba ta da nauyi, tana tashi a kan Windows da Mac da Linux, har a tsohuwar kwamfuta. Maɓallanta kaɗan ne, cikin yini guda za ka san inda komai yake. Rauninta a fenti yake, alƙalumanta ba su da yawa, kuma idan aiki ya yi tsawo sai ka ji ta matse ka. Amma wajen koyon tsallen ƙwallo da takun tafiya, ƙarancin kayan nata ma alheri ne, babu abin da zai ɗauke maka hankali.

Krita ita ma kyauta ce. Asalinta manhajar fenti ce, a 2016 aka ƙara mata ɓangaren motsi a fitowa ta 3.0, shi ya sa alƙalumanta suka fi na sauran daɗin hannu nesa ba kusa ba. Sai dai kowane zane a cikinta cikakken hoto ne da ke cin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka buɗe babban shafi, ka jera shimfiɗu goma, wato zane-zane masu hawa kan juna a hoto guda, ka kai zane ɗari biyu, sai ta fara ja da baya. Maganin shi ne ka tsaya a faɗin 1280 da tsayin 720, ka kuma raba aikin gida-gida, kowane yanki na labarin da fayil ɗinsa. Ga wanda ya riga ya saba da zane, ita zan fara miƙa wa.

OpenToonz ta fi su ƙarfi duka. Tushenta manhajar Toonz ce ta wani kamfanin Italiya, wadda ɗakin shirya katun na Studio Ghibli da ke Japan ya daɗe yana aiki da ita, aka sake ta kyauta a 2016. Wannan tarihin kan ruɗi ɗalibai su ruga su sauke ta, su buɗe, su tarar da tsarin da aka gina don ma'aikata masu yawa, kowa da sashensa. Ba laifinta ba ne. Ajiye ta sai aiki na uku ko na huɗu.

Wanda waya kawai yake da ita kada ya ce sai ya sami kwamfuta. FlipaClip tana kan Android da iPhone, kuma tana koyar da abin da ya fi muhimmanci, wato tazarar zane da saurin motsi. Ta kyautar tana manna tambarinta a jikin bidiyo, tana kuma taƙaita yawan shimfiɗu. Procreate Dreams, wadda ta fito a 2023, sau ɗaya ake saya, amma a iPad kaɗai take aiki, don haka zancenta bai taso ba sai ga mai iPad a hannu.

Gunduwa-gunduwa da ƙasusuwa

Hanya ta biyu ita ce a zana ɗan katun sau ɗaya, a yanka shi kashi-kashi, kai daban, damtse daban, sangali daban, sannan a dasa masa ƙasusuwa a ciki. Kai ne za ka tsayar da shi a manyan wurare, kwamfuta ta cike tsakani. Moho ta yi suna a wannan fanni, kuma saya ake yi sau ɗaya a mallaka. Toon Boom Harmony ta Kanada ita ce ta manyan ɗakunan shirya katun na talabijin, ana biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, da ragi ga ɗalibai. Adobe Animate, wadda kafin 2016 Flash ake ce mata, ita ma ta biyan wata ce. Ta kyauta a nan ita ce Synfig, tana aiki, amma sai ka yi haƙuri da tsarinta.

Mutane da yawa suna zaɓar wannan hanya don sun ɗauka yanke ce. A wani ɓangaren haka ne: idan shirinka na hira ne, mutum biyu suna zaune suna magana kashi bayan kashi, babu abin da ya fi ta sauri. Amma wahalar gaba ake tara ta. Gwiwar hannu za ta lanƙwashe ka ga rami a mahaɗa. Ka so ɗan katun ya juyo ya dubi baya, sai ka tarar sai ka sake zana kai ta fuska uku ko huɗu. Kuma idan ka sakar wa kwamfuta ta cike tsakani yadda ta ga dama, komai zai tafi da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu nauyi, babu numfashi. Abin da rai ke yi shi ne ya fara a hankali, ya yi sauri, ya lafa, wannan kuwa kai za ka sa da hannunka.

Idan zane ba naka ba ne

A nan hanya ta uku take shigowa, wato 3D, inda ake ƙera ɗan katun a kwamfuta kamar mutum-mutumi maimakon a zana shi, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi da lokaci, don haka zan ɗan daɗe.

Zaɓi na gaskiya biyu ne, Blender da Maya. Blender wani ɗan Holan mai suna Ton Roosendaal ya ƙirƙiro ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, masu amfani da ita suka yi karo-karo aka fanso ta, ta zama ta kowa a 2002. Tun daga nan kyauta take, babu rajista, babu tambari a bidiyo, kuma duk abin da ka yi da ita naka ne, ka sayar idan ka so. Zancen wai kayan kyauta na 'yan koyo ne ya ƙare, tunda a 2025 wani fim daga ƙasar Latbiya da aka yi da Blender ya lashe kyautar Oscar ta katun. Tana kuma da Grease Pencil, wanda tun fitowa ta 2.80 a 2019 ya zama cikakken wurin zanen hannu, don haka mai son haɗa zane da 3D ba sai ya fita waje ba.

Maya ta kamfanin Autodesk ce, ita ce aka fi samu a manyan kamfanonin fim da na wasannin kwamfuta. Ɗalibin makarantar da suka amince da ita yana samun lasisin shekara guda kyauta, yana sabuntawa muddin yana karatu, bayan ya nuna shaidar ɗalibta. Sharaɗin shi ne ba a aikin kuɗi da wannan lasisi, kuma ranar da karatu ya ƙare, buɗe tsofaffin fayilolinka ma sai da biya. Idan kwas ɗinku da Maya ake koyarwa, bi malaminka, kada ka raba ƙafa. Idan kai kaɗai kake koyo, ɗauki Blender. Abin da za ka koya na tsayar da jiki da daidaita saurin motsi iri ɗaya ne a duka biyun, wurin maɓallai ne kawai ya bambanta.

Ga inda tarkon yake. Kafin ɗan katun na 3D ya ɗaga ƙafa, sai an ƙera jikinsa, an yi masa fata da tufa, an dasa ƙwarangwal, an daidaita yadda kowane ƙashi ke jan fatar da ke kusa da shi. A kamfani kowanne daga cikin waɗannan sana'ar wani ce daban. Ɗalibin da ya ce duk shi zai yi a aikin farko yakan ƙare zangon karatu yana gyaran kafaɗar da ke murɗewa, bai motsa komai ba. Sauko da wanda aka riga aka haɗa. Blender Studio, ɗakin shirya fim na masu Blender, ta saki wasu 'yan katun kyauta, irin su Rain da Snow, sharaɗinsu kawai ka ambaci masu su. Akwai kuma Mixamo ta Adobe, mai dasa ƙwarangwal da kanta a jikin siffa mai ƙafa biyu irin ta mutum, har da tarin motsi shiryayye. Dasa ƙwarangwal ɗin yana da amfani. Shiryayyen motsin kuwa, idan ka manna shi ka miƙa, ba ka koyi komai ba, kuma malamin da ya san aikinsa kallo ɗaya zai yi ya gane.

Inda kuɗi ya kamata su tafi

Tunda manhaja ta samu kyauta, abin da ya rage na saye kaɗan ne. Mai zanen hannu yana buƙatar allon zane mai alƙalami. Iri biyu ne: wanda kake zane a kansa idonka na kan kwamfuta, da wanda shi kansa gilashi ne kana ganin zanen a ƙarƙashin alƙalami. Na biyun ya fi daɗi, ya kuma fi tsada sosai, ga wayoyi da cin wuri a tebur. Na farkon zai ba ka haushi na 'yan kwanaki kafin ido da hannu su shirya, daga nan shi ke nan. Wacom ne tsohon suna a kasuwa, Huion da XP-Pen sun fi sauƙin kuɗi kuma sun isa aikin ɗalibi. Kada lambar matakan dannawa da ke jikin kwali ta ja ka. Tsakanin 4096 da 8192 hannun ɗan koyo ba zai ji bambanci ba. Abin dubawa shi ne alƙalamin ba ya buƙatar caji, akwai ƙarin tsinin alƙalami a ciki don yana cinyewa, kuma allon yana aiki da irin kwamfutarka. Idan da waya za ka haɗa, tabbatar an rubuta yana aiki da Android.

Mai 3D ba allo yake buƙata ba, linzami mai maɓalli uku yake buƙata, domin da na tsakiya ake juya kallo a Blender. Yin wannan da shafaffen wurin yatsa na laftof azaba ce. Blender tana neman aƙalla RAM mai gigabait 8, amma da 16 za ka fi sakewa. Kafin ka ci bashin babbar kwamfuta, gwada wadda kake da ita. Motsa ɗan katun guda a fili mara ado ba ya cin ƙarfi sosai. Abin da ke cin ƙarfi shi ne fitar da hotunan ƙarshe da haske da inuwa, musamman da Cycles, ɗaya daga injinan fitar da hoto na Blender. Injin Eevee ya fi shi sauri ƙwarai, kuma don nuna wa malami motsi, ɗaukar abin da ke kan allon aiki kai tsaye ma ya wadatar.

Manhajar sata kuwa, wadda aka fasa makullinta, ba ta da wani dalili a wannan zamani. Takan zo da ƙwayar cuta, takan mutu ana tsakar aiki, alhali ga halal a kyauta.

Kafin ka tsaya a kan ɗaya, tace zaɓinka zuwa manhaja biyu, ka ba kowace yamma guda. Yi ƙwallo mai tsalle sau uku, ta lotse idan ta bugi ƙasa, ta miƙe idan ta tashi, sannan ka fitar da bidiyon MP4 ka kunna a waya. Fitarwar nan kada ka tsallake ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren miƙa aiki ba lokacin gano cewa manhaja na neman wani ƙarin abu kafin ta ba ka bidiyo ba ne. Idan ɗan katun ɗinka zai yi magana, duba ko manhajar tana barin ka ji sauti yayin da kake jan layin lokaci gaba da baya, domin murya ake fara ɗauka, sannan a bi ta da motsin baki. Audacity ta isa ɗaukar murya da gyara ta, ita ma kyauta.

Idan lokacin fitar da aikin gaske ya yi, musamman a 3D, kada ka fitar da bidiyo kai tsaye. Sa manhajar ta ajiye kowane hoto daban a matsayin PNG cikin jaka guda, daga baya ka haɗa su da sauti. Idan kwamfuta ta mutu a hoto na 200 cikin 240, daga na 201 za ka ci gaba.