Windows 7 ko Ubuntu: wanne masu kutse suka fi samu a sauƙaƙe?

Malam, ka tambaya ko ka sauke Windows 7 daga kwamfutocin shagonka ka ɗora Ubuntu, wanda wani nau'in Linux ne, tunda an ce maka Linux ba ya kutsuwa. Wanda ya gaya maka haka ya ƙara gishiri, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa.

Mu fara da Windows. A watan Afrilun 2017 wasu masu kiran kansu Shadow Brokers suka zube kayan kutsen hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, a intanet, kowa ya ɗiba kyauta. A ciki akwai EternalBlue, wanda ke shiga ta kafar SMB, wato hanyar da kwamfutoci ke raba fayil da firinta a tsakaninsu, ƙofa mai lamba 445. Ba sai ka danna komai ba. Kwamfutar na kunne, tana kan layi, shi ke nan. Ranar 12 ga Mayu cutar WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300. Asibitoci a Ingila sai da suka riƙa soke ganin likita. Abin haushin, Microsoft ya fitar da gyaran tun 14 ga Maris, kuma yawancin waɗanda abin ya ci masu Windows 7 ne da ba su sabunta ba. Mu nan ma ai kashe sabuntawa muke yi don kada ta cinye mana data.

Linux kuwa EternalBlue bai taɓa shi ba. Nasa ciwon daban. A 2016 cutar Mirai ta bi kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet masu aiki da Linux, tana gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, irin su admin, har ta tara rundunar na'urori. Mai ita ya saki lambobin shirin ga kowa, a watan Oktoba aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, hari da ita, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a a Amurka.

Inda Ubuntu ya yi wa naka fintinkau shi ne har yanzu ana yi masa gyara kyauta, kuma sabon ɗorawa ba ya zuwa da kafar raba fayil a buɗe. Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020 aka daina kula da shi, duk ɓarakar da aka gano bayan nan tana nan yadda take.

In aikin shagon buga takardu ne da cike fom, koma Ubuntu, amma fara gwada firintarka a kan kwamfuta ɗaya. In da shirin zane na CorelDRAW kake cin abinci, nemi Windows 11 na asali ka bar sabuntawa a kunne. Kalmar sirrin na'urar intanet ɗinka kuma canza ta yau.