Shafin taimako ya ce kan shafi yana cikin majin, rula ta ce ba haka ba

Shekara uku ke nan ina tsara wa ɗalibai kundin bincikensu da wata manhajar rubutu ta kyauta, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Bayanin taimakon da ke cikinta, wanda ke fitowa idan an danna F1, ya sha fitar da ni kunya. Amma akwai jimla guda a shafin da ya yi bayanin kan shafi da gindin shafi, wato rubutun da ke maimaituwa a sama da ƙasan shafuka, wadda ta ci mini yini guda cur, ita ce dalilin wannan sharhi.

Abin da jimlar take nufi shi ne, kan shafi da gindin shafi wurare ne da ke cikin majin na sama da na ƙasa, wato farin filin nan da ake bari a bakin takarda. Na yarda da ita ba tare da tunani ba, domin haka abin yake a Microsoft Word, inda na fara koyon aikin. A can, majin na sama shi ne tazarar da ke tsakanin bakin takarda da layin farko na ainihin rubutu, inci ɗaya a yadda ya saba zuwa, kan shafi kuma yana zaune a cikin wannan fili, rabin inci daga baki. Ko ka sa shi ko ka cire, rubutunka ba ya motsi, sai fa idan ya yi tsawon da ya fi ƙarfin filin.

To, wata ɗaliba ta kawo kundi mai shafi 80, dokar sashensu kuma ta ce majin ya zama santimita 2.5 sama da ƙasa. Na sa 2.5, na kunna kan shafi don taken babi, na kunna gindi don lambar shafi. Nan take kundin ya kumbura ya koma shafi 87, teburai biyu suka tsage gida biyu. Na zaci girman harufa ne ya canza, na duba, ba shi ba ne. Daga ƙarshe na buga shafi ɗaya a firinta, na ɗora rula. Layin farko na rubutu yana santimita 3.5 daga bakin takarda.

A nan na gane yadda wannan manhaja take lissafi. A wurinta majin fili ne da ba a taɓawa sam. Kan shafi yana farawa ne daga inda majin ya ƙare, tsawonsa rabin santimita, sai tazarar wani rabin santimita tsakaninsa da rubutu, kuma duk daga rabon rubutu ake yankar su. Haka ma a ƙasa. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne. Cire majin biyu, saura 24.7. Cire kai da gindi, saura 22.7. Asarar santimita 2, kusan layi uku ke nan a kowane shafi idan tazarar layi ɗaya da rabi ce. Ni ban ga laifin wannan tsari ba, har ma ya fi min sauƙin ganewa yanzu, domin komai yawan abin da ka zuba a cikin kan shafi ba zai kutsa inda firinta ba ta kaiwa ba. Bayanin ne ya faɗi abin da manhajar ba ta yi, mai neman taimako kuwa a lokacin da ya fi ruɗewa yake zuwa wurinsa.

Sauran shafin daidai yake, na gwada shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kan shafi yana bin salon shafi ne, wato tsarin da aka ba shafin, duk shafin da ke kan salo ɗaya zai ɗauke shi, haka kuwa aka yi. Yadda ake raba shafin farko da sauran, da yadda ake bambanta na dama da na hagu, duk sun yi aiki.

Ga wanda ya faɗa irin ramin da na faɗa, maganin lissafi ne kawai. Idan ana son rubutu ya fara a 2.5, a sa majin 1.5, tsawon kan shafi 0.5, tazara 0.5, a yi haka a ƙasa ma. Da na yi, kundin ya koma shafi 80 ɗinsa. Na rubuta wa masu kula da bayanin, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne, na roƙi a gyara jimlar ta ce kan shafi yana tsakanin majin da rubutu, a kuma ƙara ɗan zane mai nuna inda kowane awo yake farawa. Na haɗa musu da hoton shafin nan da rula a kansa.