Aikin cire taimos: hannun likitocin na da kyau, agogon ma'aikatan ɗaki ne matsala

Ga duk mai fama da cutar mayasteniya, mai raunana tsoka, da ake shirin cire masa taimos, ga abin da na gani a sashen tiyatar ƙirjin da aka yi mini nawa. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, don akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Ni malamar makaranta ce. Abin ya fara mini ne da fatar idon hagu, tana saukowa da yamma, sai murya ta riƙa fita ta hanci kafin a tashi, tauna ma ta zama aiki. Garkuwar jiki ce ke kai hari a mahaɗar da jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo, kuma taimos, ɗan ƙullutun nan na bayan ƙashin ƙirji, yana da hannu a ciki. Kusan mutum 10 zuwa 15 cikin 100 masu cutar ana samun ƙari a taimos ɗinsu, su kam cirewa dole ne. Hoton ƙirjina bai nuna ƙari ba, saboda haka nawa zaɓi ne.

A nan likitan fiɗar ya burge ni, don bai yi mini alkawarin warkewa ba. Cewa ya yi, "Malama, wannan ba cire haƙori ba ne da za ki kwana ki tashi sakayau. Amfaninsa sai an ɗau watanni, wani ma shekaru." Ya kawo mini binciken da aka wallafa a 2016 kan mutum 126 da aka bibiya tsawon shekara 3. Cikin waɗanda aka yi wa aiki, kashi 9 cikin 100 ne cutar ta tasar wa har aka kwantar da su, waɗanda suka tsaya kan magani kaɗai kuwa kashi 37. Bai ɓoye mini ba cewa su tsaga ƙashin ƙirji aka yi musu, ni kuma ta ƙananan huji a gefen haƙarƙari zai shiga da kyamara. Likita mai gaya maka inda hujjarsa ta tsaya, ni dai na fi yarda da shi.

Mai sa barcin ma ta san aikinta. Ta sa na hura iska a na'ura don auna ƙarfin numfashina, ta bayyana mini cewa maganin sake tsoka da ake bayarwa lokacin tiyata yana kama irinmu fiye da kima, don haka kaɗan za ta sa. Gado a ɗakin kulawa ta musamman ma an tanada tun kafin in shiga. Na farka ina numfashi da kaina. Robar da aka zura a ƙirji ita ta fi ɗinkin ciwo, amma ba ta daɗe ba aka zare.

Da aka mayar da ni ɗakin marasa lafiya ne labari ya canza. Mestinon, ƙwayar da muke sha don tsoka ta samu ƙarfi, awa uku zuwa huɗu yake aiki, kuma ana shan sa kamar rabin awa kafin cin abinci don a iya haɗiya. Ma'aikatan ɗakin kuwa sai lokacin zagayensu ya yi suke raba magani. Abinci ya zo ya huce a gabana, ƙwayar tana kulle a durowarsu, muƙamuƙina ya ƙi motsi. Na yi magana, aka ce in yi haƙuri. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne likitan dare da ya rubuta mini Cipro saboda ciwon fitsari, alhali yana cikin magungunan da ke iya tayar da cutar. Maigidana ne ya miƙa masa takardar magungunan da aka hana ni, wadda likitan jijiya ya ba mu, ya ce, "Likita, don Allah duba wannan tukuna." Ya duba ya canza, bai yi gardama ba. Lambar wayar da suka ba mu ranar sallama kuwa har yau ba a taɓa ɗauka ba.

Yanzu an rage mini firedinisolon, maganin da ke lafar da garkuwar jiki, sannu a hankali, ina koyarwa har a tashi ba tare da murya ta shaƙe ba. Mestinon ina nan ina sha, idon kuma yakan ɗan sauko ranar da na gaji sosai. Zan tura ɗan'uwana wurinsu, amma ya sa likitan fiɗa ya rubuta a fayil cewa ƙwayarsa za ta zauna a hannunsa, ya kuma ba mai jinyarsa jerin magungunan da aka hana.